Arba'in ɗin Auta a Gwanzu

Shekarar da mutanen Caina suka tara duniya a ƙasarsu ana wasannin tsere da tsalle-tsalle, a shekarar ne autata ta haihu a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suke cewa Gwanzu. Wasannin nan ma su suka kusa hana ni zuwa, don an ce saboda su aka tsananta ba wa baƙi biza. Sai da aka watse, sanyi ya fara shigowa, sannan mijinta ya samo mini ta wata biyu. Na bar Kano da ƙullin kanwa, da garin gero, da yaji, da damin ganyen darbejiya. Kanwa ta wuce, gari ya wuce, yaji ya wuce. Ganyen kuwa, ma'aikatan filin jirgi suka juya shi, suka sansana, suka ajiye a gefensu. Na miƙa hannu, aka nuna mini hanyar fita.

Kwana huɗu da saukata ta haihu, ɗa namiji. Haihuwar ta zo da gardama. Ta zubar da jini mai yawa, aka yi mata ɗinki, aka sallamo mu tafin hannunta fari fat kamar an wanke shi da toka. Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na bakwai na wani dogon bene, bayan titin Guangyuan inda manyan kantunan tufafi suke. Mijinta a nan yake sayen kaya yana loda wa kwantena zuwa gida. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Shekara shida da aurensu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa zama inda nake zaune ba. Daga bayan labule yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa daga ciki. In da magana, auta ce take kai ta ta dawo da amsa.

To, ga mai jego, ga ni, amma babu tukunya babu ganye. Tukwanen gidan duk ƙanana ne, na miyar mutum biyu. Mijin ya zaga kasuwa yana kwatanta darbejiya, ko'ina sai a ce masa "meyo", wato babu.

Maƙwabta ne suka fitar da mu. Ƙofar da take kallon tamu akwai wata mata mai jan ɗigo a goshi. A hawa na shida kuma akwai wata mai farin mayafi. Dukansu dogon gashi, dukansu dogon hanci, in sun haɗu a matakala yare ɗaya suke yi suna dariya. Ni a wurina duk 'yan Indiya ne, ɗaya Musulma ɗaya ba Musulma ba, kamar yadda ake samu a ko'ina. Mai mayafin ta aro mana tukunyar da suke dafa shinkafar biki, mai hannu biyu, wadda yaro zai zauna a ciki ya miƙe ƙafa. Mai ɗigon kuwa, da auta ta yi mata bayani da Turanci, sai ta koma ɗakinta ta jawo buhu. Busasshen darbejiya ne da rassansa, daga ƙasarsu aka kawo mata. Na sa hanci na ji ɗacin nan, sai da na zauna.

Ashe su ma kwana arba'in suke yi wa mai haihuwa, su duka biyun. Don haka ba su tsaya mamaki ba. Tukunyar in ta cika ta tafasa mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, ni kuwa bayana ya daɗe da tsufa. Kullum da safe, mazajensu na fita, sai su shigo, kowacce ta naɗe hannu da tsumma ta kama hannun tukunya ɗaya, su kai ta banɗaki suna tafiya kamar masu ɗauke da amarya. Da la'asar ma haka. Ni in zaunar da auta, in tsoma ganye in fyaɗa, tana ihu ina cewa saura kaɗan. Su kuma suna falo suna wasa da angona, suna ɗanɗana kunun kanwa suna yamutsa fuska suna ƙara sha.

Haka muka yi har aka yi suna, haka muka yi har kwana goma sha biyu.

Ranar mijin auta ya dawo tun azahar, abin da ba ya yi. Ya tsaya a gaban talabijin ko takalmi bai cire ba. Na leƙa ta gefen labule na ga wani ƙaton gini yana hayaƙi, mutane suna gudu. Auta ta ce wasu 'yan bindiga ne suka shiga wani babban birnin Indiya na bakin teku suna kashe jama'a. Na ce Allah ya jiƙan na jiƙai, na koma kan damun kununa.

Bayan kwana biyu ruwa ya tafasa da safe, babu wadda ta shigo. Na rage wuta na jira. Na sake jira. Na fita na buga ƙofar mai ɗigo, ta buɗe idanunta a kumbure. Na sauka na buga ta mai mayafi, ta buɗe kaɗan ta leƙo da rabin fuska. Ni dai na ɗauka faɗan mata ne, irin wanda ake yi a kan shanya ko a kan yara. Na kama wuyan hannunta na jawo ta sama, na kama na ɗayar ma, na tsayar da su a ƙofarmu ina yi musu faɗa da Hausa. Na ce 'yan ƙasa ɗaya a baƙon wuri, ko kunya ba ku ji. Kowacce ta kalli bangon da yake gefenta.

Auta ta ɗaga murya daga ɗaki. "Inna, don Allah ki sake su."

"In sake su wa zai ɗaga mini tukunya?"

"Ba ƙasarsu ɗaya ba, Inna. Waccan Indiya, wannan Pakistan. Indiya ta ce daga Pakistan maharan suka fito. Jiya mazajensu sun kusa dambe a matakala."

"Yaren da suke yi fa?"

"Mu da mutanen Maraɗi fa? Ai yare ɗaya muke yi."

"To mu da mutanen Maraɗi mun taɓa yin yaƙi a zamanin nan?"

"Su sun yi, ba sau ɗaya ba. Kuma kowannensu yana da bam ɗin nan na ƙare-dangi, ya ajiye don ɗan'uwansa."

Na saki hannayensu. Sai daga baya na ji cewa ƙanen mai ɗigo a birnin nan yake aiki, an yi kwana biyu ba a same shi a waya ba kafin ya ɓullo. Amma ranar tukunya tana kan wuta tana ƙugi, su ma suna ji. Mai mayafi ce ta fara ɗaukar tsumma. Suka kai ruwan banɗaki, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar suka raba, ban san ko sun yi shawara ba ko haka kawai ya zo: mai ɗigo da safe, mai mayafi da la'asar, ni in kama ɗaya hannun. Ruwan yakan zuba mini a ƙafa. Har yau akwai tabon.

Maganar ba ta kwanta ba, sai ƙara tashi take. Talabijin kullum sojoji, kullum jiragen yaƙi, kullum waɗansu dogayen makamai masu linzami a kwance a bayan manyan motoci, kai ka ce itacen giginya aka sare aka shafa wa fenti. Mazanmu in sun dawo daga masallaci ko daga kasuwa kowa da abin da ya jiyo. Wani ya ce in aka harba, iska za ta kwaso gubar har Caina. Wani ya ce ba gubar ba ce abin tsoro, hanyar gida ce, don jirgin da yake kai mu gida ta saman ƙasashen nan yake bi, ranar da aka fara za a rufe sama, kowa ya zauna inda yake. Waɗansu suka bar kayansu a hannun dillalai suka tafi. Mahaifin mijin auta kuma yana Kano yana bugo waya safe da yamma. Jikansa na fari namiji ne wannan, bai ma gan shi ba.

Babbar Sallah ta same mu a haka, muka ci ta babu daɗi. Washegari auta ta shigo da saƙon mijinta, tana dafa bango.

"Inna, Alhaji ya ce ya samo mana tikiti. Ranar Alhamis. Ni da ke da jariri. Shi zai biyo mu in ya gama lodi."

Na ƙirga da yatsu. Alhamis kwananta ashirin da bakwai. Jinin bai ɗauke ba, ni nake wanke ƙyallayen, na sani. In ta miƙe tsaye sai ta rufe ido jiri ya wuce. Tafiyar kuwa na yi ta, na san ta: mota, sannan zama a jirgi ƙafa a lanƙwashe har ka manta da ranar da ka shiga, sannan jira a wata ƙasa a kan kujerar ƙarfe, sannan wani jirgin zuwa Legas, sannan Kano. Kusan kwana biyu babu ruwan zafi, babu kwanciya.

Na ce, "Ke me kika ce?"

Ta ce, "Abin da Alhaji ya ce."

Da rana ta kwanta barci da jaririnta, na shiga ɗakin mijin, ɗakin da ban taɓa sa ƙafa ba. Na jawo aljihun teburin da na ga ana ajiye takardu. Ni ban yi boko ba, amma na san fuskar 'yata. Na buɗe korayen littattafan nan ɗaya bayan ɗaya har na ga hotonta. Na sa fasfon a lalitata, na ɗaure a ƙugu, na mayar da zani a kai.

Ranar Laraba ya birkice gidan. Ya ɗaga katifa, ya zazzage akwatuna, ya duba har bayan firji. Ina ɗaki ina tankaɗe gari ina jin sa. Auta ta kalle ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Can ya zo bayan labule ya durƙusa.

"Inna, ku yi haƙuri. Ko kun ga wani ɗan koren littafi a wani wuri?"

Na ce, "Yana wurina."

Sai na ajiye rariya, na tashi, na yaye labulen da hannuna, na fito falo na zauna a gabansa. Ya yi sauri zai ja da baya, na ce ya zauna. Ranar na fara ganin yana da ɗan tabo a gira.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, wannan ba irin yaƙin da kuka sani ba ne. Guda ɗaya in ya faɗa, gari kamar Kano ba ya saura. Ko kaza."

"In ya faɗa jirginku yana saman kansu fa?"

"Shi ya sa nake so ku wuce tun bai faɗa ba."

Maganarsa da ma'ana, ban ce babu ba. Na ce, "Ka san ranar da za a harba?"

"Allah ne ya sani."

"To ni na san ranar da jini zai ɓalle mata. Gobe ne, a sama, inda babu wurin shimfiɗa ta."

Ya ce akwai likitoci a Kano. Na ce Kano tana ƙarshen hanya, ni tsakiyar hanya nake magana. Ya ce kowa yana tafiya da iyalinsa. Na ce kowa matarsa ba ta haihu ba.

Sai na ba shi labarin da ko auta ban taɓa ba ta ba. Lokacin da ƙasarmu ta rikice, gab da yaƙin basasa, ina yarinya a Fatakwal, maigidana yana fataucin shanu. Kwanana tara da haihuwar 'yar fari aka ce kowa ya gudu. Tsohuwar da take yi mini wanka ta ce a ɓoye ni ko na mako biyu ne, jikina ɗanye ne. Maza suka ce mace ba ta san yaƙi ba. Aka sa mu a taragon kaya na jirgin ƙasa, mutum kan mutum. Kwana uku ina tsugune. Jini ya jiƙa zanina ya jiƙa na wadda take kusa da ni. Nonona ya ƙafe tun a rana ta biyu. Bayan mun haye gadar Makurɗi yarinyar ta daina kuka. Da jirgi ya tsaya shan ruwa aka haƙa mata rami a gefen dogo da murfin kwano. Ni kuma wata bakwai na yi a kwance a ɗakin mahaifiyata, shekara biyar ban sake ɗaukar ciki ba.

Na ce masa, "Ban ce da mun zauna da mun tsira ba. Waɗansu sun zauna ba su tsira ba. Amma ni babu harsashin da ya taɓa ni. Hanya ce ta ci 'yata. Na ba hanya ɗaya, ba zan ba ta ta biyu ba."

Auta tana bakin ƙofa tana kuka a hankali. Shi kuma da ya yi magana muryarsa ta canja.

"In aka fara, aka rufe sama, muka maƙale a nan fa?"

"Sai mu maƙale tana kwance a gadonta."

"In wani abu ya same su, me zan gaya wa mahaifina?"

"Ka ce ni ce. Kira shi ma ka ba ni."

Ya kira, ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Muka gaisa da tsohon, gaisuwa mai tsawo, ya iyali, ya sanyi, ya baƙunta. Sannan na gaya masa. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta dariya ba.

"Hajiya, ke ce za ki tare mana bam ɗin?"

"Ba ni da hannun tare bam, Alhaji. Jini nake tarewa, shi ne aikina."

"Jikana ne fa."

"Uwarsa 'yata ce. Saura kwana goma sha huɗu, in kawo maka su biyun da ƙafafuna."

Ya kashe wayar bai yi sallama ba.

Mijin auta ya san inda fasfon yake. Na san ya sani, na kuma san duk duniya babu inda hannun suruki ba zai taɓa kaiwa ba irin ƙugun uwar matarsa. Da wannan na dogara. Ya juya ya ce wa auta ta karɓo. Ta taho har gabana ta durƙusa tana cewa Inna, Inna. Na ɗaga hannuwana sama na ce, ga shi nan, kwance ki ɗauka, ba zan hana ki ba. Ta tsaya tana kallon bakin zanin. Sannan ta miƙe, ta dafa bango, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Alhamis ta zo ta wuce. Na dafa ruwa da safe, na dafa da la'asar.

Kada wani ya ɗauka hankalina a kwance yake a sauran kwanakin nan. Duk jirgin da ya wuce ta saman benen sai na tsaya da ludayi a hannu har ƙararsa ta ɓace. In na ji an ƙara muryar talabijin sai in leƙa ta gefen labule. Mijin auta ya daina cin abin da na dafa, a waje yake ci. Gaisuwarsa ta koma kalma biyu. Auta ma ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba sai a banɗaki, in ruwa ya yi mata zafi. Ana saura mako guda mijin mai ɗigo ya tura ta gida wurin iyayenta. Ba ta yi mana sallama ba, sai buhun ganyen muka tarar a jingine a ƙofarmu. Mai mayafi ta koma zuwa safe da yamma. Ranar farko da ta shigo da safe ta daɗe tana kallon rufaffiyar ƙofar da take kallon tamu, sannan ta naɗe hannunta da tsumma.

A kwana na talatin da huɗu jinin ya ɗauke. A na talatin da shida auta ta share falo da kanta ban sa ta ba. Tafin hannunta ya dawo ja.

Ranar arba'in ana nan ana maganar sojoji a kan iyaka, babu abin da ya lafa. Na yi mata wankan ƙarshe, na wanke tukunya na mayar wa mai ita da kwanon dambun nama a ciki. Sannan na kwance lalita, na ɗora fasfon a faranti, na tura ta ƙarƙashin labule. Na ce, "Ga amanarka. Ko yau ka ce mu tafi, a shirye muke." Ya ɗauka. Bayan kwana huɗu muka tashi, muka bi ta saman ƙasashen nan biyu, ni ban ga komai ba sai gajimare.

Ba a yi yaƙin ba a shekarar. Mata a unguwa suka riƙa cewa ashe na hango. Ban hango komai ba, nakan gaya musu. Da an yi, da yanzu sunana wadda ta kashe jikan mutane da taurin kai, kuma da an sake mayar da ni ranar, ƙugun nan dai zan sake ɗaurewa. Mahaifin mijin ya karɓi jikansa a hannuna bai dube ni ba, har ya koma ga Allah gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

Da auta ta sake haihuwa bayan shekara uku, ba a aiko mini da biza ba. Gwaggon mijin aka tura. Kwana ashirin ta yi ta dawo, wai sanyin garin ya ishe ta. Sauran ashirin ɗin auta ce ta yi wa kanta, da ƙananan tukwane uku a kan wuta tana juyewa a bokiti. Kowace rana ina idar da sallar asuba wayata take ƙara, lokacin su can rana ta take. Sai ta ce, "Inna, yau ashirin da shida." In ce, "Saura goma sha huɗu. Kada ki sirka ruwan."